Mai Usur da Saƙon Inna

Wata ranar Asabar ce da hantsi, a bazarar shekarar da nake aji shida na firamare, an gama cire albasa, garin Wurno duk ya ɗauki warinta. Wata farar bas tana tsaye a filin makarantarmu, mu kuma yara mun jeru a inuwar bishiyar dogon yaro, kowa da wankakkun kayan makaranta, ƙafafu sun sha mai. A gefen motar an tara kaya tuli guda: ƙananan buhunan tafarnuwa, ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa, gwangwanayen man shanu, har da zabi a cikin kwando. Duk saƙo ne. Mutanen gari sun ji 'ya'yansu za su ƙetare iyaka, kuma a wajenmu mutum ba ya bin hanyar da ke da dangi a kanta ya tafi hannu rabbana. Sai ga wani siririn mutum ya sauko daga gaban motar, da baƙin tabarau da usur rataye a wuya. Ya zagaya kayan yana yatsina, ya sa ƙafa ya ture kwandon zabin, ya ce wannan motar yawon buɗe ido ce, ba motar cin kasuwar Acida ba, ko tsinke ba za a ɗora masa ba. Dattawan da suka rako mu suka yi cirko-cirko, alhali sa'o'in wanda ya haife shi ne. Tun daga ture kwandon nan na tsani mutumin, kuma yau da nake da 'ya'yan kaina ban sake ra'ayi ba.

Yadda aka yi tafiyar ta taso, gasar kacici-kacici aka yi tsakanin makarantun Wurno da Rabah da Goronyo, wani mai hali ɗan yankinmu da ke neman suna ya ce ladan waɗanda suka ci shi ne a zagaya da su Nijar da Burkina Faso da Benin cikin hutu, a dawo kafin mako ya zagayo. Aka ɗauko jagora daga Sakkwato saboda yana jin Faransanci. Sunansa na yanka ban riƙe ba, ban kuma yi ƙoƙarin riƙewa ba, Mai Usur muka sa masa, shi ya bi shi. Malamar da aka haɗa mu da ita kuwa Malama Rifkatu ce, Kirista 'yar Zuru, wadda ta daɗe tana koyar da mu lissafi har ta san kakar kowa da sunanta. Ni a lokacin iyakar tafiyata Sakkwato, ita ma sau ɗaya, da aka kai ni cire haƙori. Duniyata ita ce fadama: in kora jaki da safe, in tare ruwa a kwamin albasa ina buɗe wannan ina toshe wancan da laka, in yanko wa tumaki ciyawa, in an tashi makaranta mu faɗa gulbi wanka har idanu su yi ja, da yamma a yi langa a ƙofar gida har a kira magariba. Cewa zan taka ƙasa uku ya sa na yi kwanaki ina tafiya ina ɗaga kafaɗa, abokan langa suna ce mini Alhaji.

A gidanmu akwai kakata Inna Ige, mahaifiyar babana, 'yar gajeruwar tsohuwa mai kaifin harshe wadda daddawarta ta yi suna har Rabah. Ni ne ɗan aikenta kuma abokin faɗanta, Maigida take ce mini, kullum tana gorin na kasa kawo cefane. Ni nake taya ta wanke kalwa, ni nake hura mata wuta, ni nake cinye ƙanzon tukunyarta. Inna tana da 'yar fari, Gwaggo Hajo, wadda ban taɓa gani da wayona ba. Mijinta Mani fataucin albasa yake yi, ya koma da zama Malanbil, garin kasuwa da ke bakin kogin Kwara a ƙasar Benin, ta bi shi a daidai lokacin da kakanmu yake kwance. Kakan ya rasu ba ta nan, ba ta kuma samu zuwa ba sai da zaman makoki ya watse. Inna ta tare ta a zaure ta ce ba ita ba ita, ta koma inda ta fito. Gwaggo ta ɗauki maganar uwa da nauyinta, ta koma, ba ta sake takowa ba. Ga kuma kunyar 'yar fari: Inna ba ta taɓa kama sunanta ba tun haihuwa, "ta wajen nan" take cewa, in ma ta kama dole. Motocin albasa suna zuwa Malanbil duk kaka, direbobin 'yan unguwarmu ne, amma Inna ta gwammace ta haɗiyi garwashi da ta dubi namiji baligi ta ce masa tana kewar 'yarta ta fari.

Jika kuwa ba a jin kunyarsa. Ana gobe tafiya, da la'asar, ta kira ni bayan rumbu inda take shanya, ta duba hagu da dama, ta ciro wani ƙulli daga ƙugunta. Daddawa ce, curi kaɗan, ta ɗaure a cikin ƙyallen da ta yago daga wani tsohon zanenta na saƙi mai baƙi da fari, wanda duk gidan aka san shi da ita. Ta damƙa mini, ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Maigida, in kun kai garin nan na albasa, ka biɗi ta wajen nan. Ka ba ta wanga, ka ce mata na yahe, ta zaka gida. Kunnenta kaɗai, ka jiya?" Na ce na ji. Ban taɓa ganin Inna ta kawar da kai don kada a ga idonta ba sai ranar. Shi ya sa da Mai Usur ya hana ɗora saƙo, masu tafarnuwa da zabi suka kwashe abinsu suna Allah wadai, ni ƙullina yana can ƙasan jaka a naɗe cikin rigar barci, na shige mota abina.

Muka bi ta Illela muka shiga Ƙonni, nan na fara gane irin tafiyar da muka fito. Ni na ɗauka jagora kamar mai masauki ne, wanda zai kai ka wurin mutane ya ce ga baƙi. Ashe shi aikinsa ya nuna maka abu da yatsa ya busa usur. A sauka, usur. A jeru, usur. A ɗauki hoto, usur. Ko fitsari ka tsuguna sai ka ji shi a ƙeyarka. A Ƙonni wani yaro ɗan Rimawa mai suna Lawali, wanda muke kujera ɗaya, ya hango shagon yayansa a bakin titi, ya yi ta ɗaga hannu, aka wuce. A Dogon Dutsi wata tsohuwa ta ji harshenmu ta gane 'yan ƙasar Sakkwato ne, ta aiko mana da ƙwaryar fura, Mai Usur ya mayar da ita, wai ba ya son a yi masa gudawa a mota. Ban taɓa ganin an mayar da fura ba sai a hannun mutumin nan. Duk inda muka tsaya Hausa ake yi, sunayen unguwanni irin namu, tuwo irin namu, amma shi sai ya tsaya gabanmu yana zuba bayani game da mutanen kamar ba sa ji, yana nuna su yadda yake nuna dutse. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ya kai mu mun ga raƙuman dawa a wani daji kafin Yamai, suna cin ganyen ƙaya a natse, tsayinsu ya sa na riƙe hula. Ko su ɗin ba mu gama ƙirga ƙafafunsu ba aka busa.

A Yamai mun ga gada da dogayen gine-gine da gidan tarihi mai ƙasusuwan wata dabba ta zamanin da, duk a guje. Sai kuma abin da har yau ban manta ba. Tun da an yi wa mai hali alkawarin ƙasa uku, dole a ce an taka Burkina. Mai Usur ya kwashe mu tun da safe, muka yi ta tafiya cikin rana ba ruwa ba inuwa har iyaka. Ya yi magana da masu tsaro, aka bar mu muka taka 'yan taku muka tsaya gindin wani allon ƙarfe da ya yi tsatsa. Ba gari, ba kasuwa, sai wata akuya da ke kallonmu. Ya ce to, ga mu a Burkina Faso, a yi murmushi. Aka ɗauki hoto, aka busa usur, muka juyo. Yini guda cur ya tafi a kan allo da akuya. Na riƙe wannan a raina, domin na ga mutumin yana da lokacin da zai ɓatar in ya ga dama.

Daddawa kuwa ba ta san sirri ba. Zafin bazara ya dafa motar, jakata ta fara magana. Yara suka yi ta toshe hanci suna zargin juna, Lawali ya sha tsokana a banza, Mai Usur yana ta faɗan wane ɗan ƙauye ne ya shigo masa da mushe. A Dosso, da aka tsaya cin abinci da hantsi, Malama Rifkatu ta ja ni gefe ta ce ita ta san warin daddawar Inna Ige ko a mafarki, me ya kawo ta nan? Ban faɗa mata maganar ba, na dai ce saƙo ne ga gwaggona a Malanbil, kuma amana ce. Ta dube ni ta gane, domin ta san labarin gidanmu kamar kowa a unguwar. Ta sa ƙullin cikin leda biyu ta mayar mini, ta ce in bar mata sauran. A Gaya, muna jiran a duba takardu kafin hawa gada, na ga ta sami Mai Usur a gindin wata bishiya. Ta roƙe shi, ta ce tsohuwa ce ta aiko jikanta ga 'yarta, kasuwar albasar a bakin hanya take, ita da kanta za ta riƙe hannuna mu tambaya, kafin direba ya sha shayi mun dawo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Kowa na da tsohuwa, Malama. Ni ƙasa anka ce in gwada musu, ba dangi ba." Ya ƙara da cewa dole mu kai Kandi kafin rana ta faɗi, in ya tsaya wa ɗaya sai ya tsaya wa kowa. Ta ce masa ai ba kowa ne ya roƙa ba. Ya busa usur a fuskarta.

Muka hau gada, Kwara tana ƙasa faɗi-faɗi da jiragen masunta, ban ko kalle ta ba. Muna sauka sai warin albasa ya buge ni, irin na gida sak. Ga buhuna jibge sun fi tsayin mutum, ga manyan motoci, ga 'yan dako suna ta kai da kawowa, ina jin Sakkwatanci yana tashi ta ko'ina. Cunkoso ya sa motarmu tana tafiya kamar jaki mai kaya. Na miƙe na je gaba na durƙusa wa Mai Usur a tsakiyar mota, ban taɓa durƙusa wa wanda na tsana ba sai ranar. Na ce don Allah don Annabi. Ya ce in koma in zauna ko ya ajiye ni a hannun 'yan sanda. Na koma kujera ina jin kasuwar tana zamewa ta taga, rumfa bayan rumfa, har na hango inda buhunan suke ƙarewa. Inna ta ce kunnenta kaɗai, amma kunnen nan yana wani wuri cikin rumfunan nan, ni kuwa ana tafiya da ni. Na fizge ledar, na tura kai da kafaɗa ta taga, Lawali ya riƙe mini ƙafa, na buɗe murya iyakar ƙarfina: "Jama'a, a kai ma Hajo ta Wurno, matar Mani mai albasa! Inna tac ce ta yahe, ta zaka gida!" Na wurga ƙullin. Na ga ya faɗi kusa da wani ɗan dako mai jar hula, ya duƙa ya ɗauka yana bin motar da kallo. Iyakar abin da na gani ke nan, domin an finciko ni ciki, marin Mai Usur ya sauka a kuncina har kunnena ya yi ƙara. Malama Rifkatu ta shiga tsakani, ta ce in ya sake taɓa ni sai dai ya haɗa da ita.

Mun isa Kandi rana tana tsaka da zafinta, ko la'asar ba a kira ba. Mai Usur ya zube mu a gindin wani mangwaro, ya ce kada wanda ya motsa, zai je ya gaisa da wani abokinsa da suka yi karatu tare. Bai dawo ba sai da inuwa ta yi tsawo, yana sakace haƙori. Ashe shi yana da wanda ake tsayawa a gaisar. Daga nan ba mu sake bin Malanbil ba, ta Segbana muka ɓullo ƙasar Kebbi muka yo gida. In ka tambaye ni abin da na gani a Benin bayan kasuwar nan, ban sani ba, idona a buɗe yake amma ƙeyar Mai Usur kaɗai nake kallo, ina yi mata addu'o'in da bai kamata yaro ya sani ba.

Da na dawo, ana ta yi mini barka ana tambayar tsaraba, Inna ta ci gaba da aikinta har tsakar gida ta watse. Na same ta bayan rumbu na faɗa mata duk yadda aka yi, ban rage ba. Ta dafe kai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Cikin kasuwa? Gaban maza? Yaron ga ka kashe ni." Ta daɗe a haka, ni ina tsaye ina jiran duka. Can ta buɗe ido ɗaya ta ce a hankali, "To, da ƙarhi dai kah hwaɗi?" Na ce da ƙarfi, har muryata ta dushe. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsince kalwa. Kafin kwana biyu yaran da muka je tare sun baza labarin, gari duk ya ji. Babana ya ce bari ya tura mutum takanas, Inna ta hana, ta ce uwa ba ta aike sau biyu, in ta ji za ta zo. Amma daga ranar ta mayar da wurin shanyarta kusa da zaure, inda ake ganin mai shigowa. Duk sallamar mace da ta ji sai hannunta ya tsaya.

Damina ta faɗi, muka shiga shuka, Inna ta kwanta da zazzaɓi. Ciwon bai ja ba. Wannan karon babana bai nemi izininta ba, ya tura ƙaninsa, amma aka yi saɓani a hanya. Ina gefenta ina yi mata fifita da rana tsaka na ji ta kira sunan, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, Hajo. Matan da ke ɗakin suka dubi juna, domin ba wadda ta taɓa jin sunan a bakinta. Washegari ta rasu, aka kai ta. Muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, tabarmin makoki ba a naɗe ba, sai ga wata mace doguwa ta sauko daga kan babur da ƙullin kaya, tana murmushi, tana neman wanda za ta gane. Tafiyarta irin ta Inna ce. Ta ga tabarmi, ta ga maza jere, murmushin ya tsaya. A hannunta na dama tana riƙe da ƙyallen saƙi mai baƙi da fari.

Daga baya Gwaggo Hajo ta ba ni labarin hanyar da ƙullin ya bi. Ɗan dakon baƙo ne a kasuwar, bai san Mani ba, ya ba wani mai shayi ajiya ya bi mota kudu. Mai shayi ya rataye shi a rumfa ya manta, sai da wari ya dame shi ya fara cigiya, daga wannan baki zuwa wancan, har maganar ta je kunnen wata mai tuwo da ta san Gwaggo. Da Gwaggo ta ga ƙyallen ba ta tsaya jin sauran ba. Na tambaye ta inda take ranar da muka wuce. Ta ce tana rumfarta ta sayar da abinci, bayan layin manyan motocin nan, har ta ga wata farar bas cike da 'yan makaranta ta wuce, ta ce a ranta ko 'yan ina ne. Tsakanina da ita bai fi daga zaurenmu zuwa masallacin unguwa ba. Wannan tazarar ce mutumin da ya ba allo da akuya yini guda ya hana ni.

Yanzu abin ya zama kamar tatsuniya in ina ba yarana. Ɗana yana kiran jikokin Gwaggo a Malanbil ta waya yana ganin fuskarsu, yana kwance a kan tabarma, ya kasa gane yadda magana za ta yi watanni a rataye a rumfar mai shayi. Ba a kuma tara saƙo a gefen mota kamar da, hanyoyin ma sun zama abin tsoro, daga Rabah zuwa Goronyo sai mutum ya yi addu'a ya ƙara, balle a kwashi yara a ƙetare iyaka da su. Hoton da aka ɗauke mu a gindin allon nan yana nan a akwatina, ina tsaye a gefe na ɗaure fuska, jakata a rungume. Na taɓa ganin Mai Usur sau ɗaya a tashar mota a Sakkwato, ya tsufa, ba tabarau ba usur, ya yi sallama ya zauna kusa da ni bai gane ni ba. Na amsa sallamar domin wajibi ce, na tashi na canza benci. Na san Inna, da duk kaifin harshenta, ta iya cewa ta yafe, kuma ni ne na ɗauki kalmar na ratsa ƙasa uku da ita. Har yau in na ji warin daddawa a kasuwa sai in ga 'yar tsohuwar nan zaune kusa da zaure, hannunta ya tsaya cikin kalwa tana sauraren sallama. Waccan yafiyar ta Inna ce, kuma na jefa ta inda aka aike ni, ban rage ko kaɗan da zan ba shi ba.